Kufan mutan ɓoye a Ayalan: wa ya tsare su?

Jama'a masu sauraro, a 2017 ɗan majalisar Ayalan Danny Healy-Rae ya ce hanyar N22 a yankin Kerry tana lotsawa ne saboda an taɓa gidajen mutan ɓoye. Aka yi ta sheƙa dariya har a jaridun ƙetare. Dariyar nan ce ke ba ni haushi.

Abin da ake magana a kai wasu 'yan ganuwoyi ne zagayayyu, na ƙasa ko na dutse; waɗanda aka yi da ƙasa mutanen Ayalan na kiransu rath ko lios. An ƙidaya fiye da 40,000 a tsibirin Ayalan. Manoma ne suka gina akasarinsu tsakanin shekara ta 500 zuwa 1000, don su kwana ciki da iyali da shanu. Da suka zama kufai, sai aka ce aljanu sun tare. Manomi ba ya sa garma a ciki, ba ya sare ko reshe ɗaya, don gudun kada shanunsa su mutu ko ciwo ya shigo gida. Wanda ya taɓa kauce wa gindin tsamiya da tsakar rana ya san irin wannan tsoron.

To, wa ya tsare kufan nan shekara dubu? Dokar kare kayan tarihi da ƙasar ta yi da kanta sai a 1930 aka yi ta. Kafin nan akasarin kufan ba mai gadi, ba shinge, ba tara. Tsoron ne kaɗai.

Masu ilimi za su ce camfi ne. Camfi ne mana, ni ma ban ce aljani ne ya lotsa kwalta ba. Amma yaushe aka fi rusa kufan? Bayan dokar, lokacin da katafila ta shiga gonaki, tsoro kuma ya ragu. Dubbai suka tafi. Haba!

A 1999 a Latoon, yankin Clare, mai ba da tatsuniya Eddie Lenihan ya tsaya kai da fata a kan wata 'yar bishiyar ƙaya da ya ce matattarar mutan ɓoye ce, don kada aikin hanya ya kawar da ita. Aka shimfiɗa babbar hanya, aka bar ta a gefe. A 2002 wani ya bi dare ya datse mata rassa. Ta sake toho.

Ko matasan yau sun yarda da aljanun nan, ina tababa. Sai dai har gobe da wuya ka sami direban katafila a ƙauye da zai yarda ya fara kai wa rath sara. Ku daina masa dariya, shi ke yi wa hukumar tarihi gadi ba albashi.