Darasi: Yadda Ake Tsara Ƙalubalen Karatu na Shekara Rukuni-Rukuni

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wanda ke kusa da biro da takarda ya jawo su, domin darasin yau akwai ɗan lissafi a ciki, kuma ina so kafin mu rabu kowa ya tashi da jadawalinsa a hannu.

Maganarmu a kan ƙalubalen karatu na shekara ce, wato mutum ya ɗaukar wa kansa alkawari cewa kafin shekara ta ƙare zai karanta kaza da kaza. Iri biyu ne. Akwai na ƙidaya zalla, ka ce bana littafi 20 zan karanta, shi ke nan. Irinsa ne Goodreads, dandalin intanet na masu karatun littattafai, ke shiryawa kowace shekara tun 2011, ka rubuta adadinka, manhaja ta riƙa ƙirga maka. Sai kuma na rukuni, wanda shi ne ya tara mu yau. A nan ba a tambayarka guda nawa kawai, ana tambayarka wane iri. A ce maka karanta littafin da aka fassaro daga wani harshe, karanta tarihin rayuwar wani, karanta na kimiyya. Masu shafin intanet na Book Riot sun fara nasu a 2015 da rukuni 24, biyu kowane wata ke nan. Na shafin PopSugar shi ma a 2015 ya fara, yakan kai rukuni 50.

Ni na rukuni nake goyon baya, kuma bari in gaya muku dalili. Akwai shekarar da na ɗauki na ƙidaya, na ce littafi 52, ɗaya kowane mako. Zuwa watan Oktoba ina baya da guda goma sha wani abu. To me na koma yi? Idan na tsaya gaban kanta, ba na duba abin da littafi ya ƙunsa, kaurinsa nake dubawa. In ɗauko, in juya bayansa, in leƙa lambar shafin ƙarshe, in ta wuce 150 in mayar. Akwai wani babban littafin tarihi da na daɗe ina marmari, na fara shi a Maris, na kai shafi na 60 na sa masa takardar alama, har shekara ta fita takardar nan tana wurin, gefenta ya yi ƙura. Na cika adadi, amma abin da na fi so in karanta shi ne ban karanta ba. Abin ya dame ni ƙwarai. Ƙidaya zalla tana tura mutum wajen abin da ya fi sauƙi da abin da ya saba. Rukuni kuwa yana fitar da kai daga inda ka saba zama, ya kai ka inda da ƙafarka ba za ka je ba.

To, mu fara da lissafi, don a nan yawancin mutane ke faɗuwa tun kafin su buɗe littafi. Kada ka tambayi kanka littafi nawa kake sha'awa, tambayi kanka minti nawa kake da su a rana. Ɗauki littafin da ke kusa da kai, saita agogon waya minti 10, ka karanta yadda ka saba, ba gaggawa. In agogo ya buga, ƙirga shafukan. Mu ce shafi 6 ka samu. In kana iya ware minti 20 kullum, shafi 12 ke nan. Kada ka ninka da kwana 365, domin akwai rashin lafiya, akwai tafiya, akwai ranar da aiki zai sha kanka. Ninka da 300. Zai ba ka shafi 3,600. Raba da 300, wato tsawon matsakaicin littafi, ka ga littafi 12 ya fito. Ɗaya a wata. Wanda ke da minti 40, nasa 24 ne. Lambar da ta fito maka, ita ce taka, ka riƙe ta. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma wanda bai taɓa yin wannan abu ba ina roƙonsa kada ya wuce 12 a shekarar farko.

Yanzu rukunan. Daga ina za a samo su? Hanya mafi sauƙi ita ce a ari tsarin da ɗakunan karatu ke jera littattafai da shi, wanda Melvil Dewey ya fitar a Amurka a 1876. Ya kasa ilimi gida goma. Gidan 000 na ilimi na bai-ɗaya ne, yau har da kwamfuta. 100 falsafa da sanin halayyar ɗan Adam. 200 addini. 300 zamantakewa, siyasa, tattalin arziki da shari'a. 400 harsuna. 500 kimiyya. 600 fasaha, har da likitanci da noma. 700 zane-zane, kiɗa da wasanni. 800 adabi. 900 tarihi da labarin ƙasa. Ka ɗauki littafi ɗaya daga kowane gida, goma ke nan, ka ƙara biyu na son ranka, sha biyu ta cika. Wanda ya yi haka ya zaga ɗakin karatu kaf a shekara guda, kuma zai gane wane gida ne bai taɓa taka ƙofarsa ba.

Amma na fi son mutum ya ƙera nasa da kansa, domin kai ka san inda gibinka yake. Ga yadda za ka gano shi. Rubuta littattafai goma na ƙarshe da ka karanta, ka dube su da kyau. Duka ƙagaggun labarai ne? Duka maza ne suka rubuta, ko duka mata? Duka daga ƙasa ɗaya? Duka na shekaru goman nan ne? Abin da ba ka gani a jerin ba, shi ne rukuninka. Wata marubuciya 'yar Birtaniya, Ann Morgan, haka ta duba kantarta ta ga kusan duka marubutan Birtaniya da Arewacin Amurka ne, sai ta ɗauki 2012 ta karanta littafi ɗaya daga kowace ƙasa cikin ƙasashe 196. Ban ce ku yi irin nata ba, aiki ne ja. Abin koyi shi ne ta fara da duba abin da ta rasa.

Rukunan ku kasa su uku. Huɗu na jin daɗi, irin waɗanda ko ba ƙalubale za ka karanta, har da sake karanta wani da ka so tun kana yaro. Biyar na miƙa hannu, wato kusa da abin da ka saba amma ba shi ba: fassararren labari, tarihin rayuwa, kundin rubutattun waƙoƙi, wasan kwaikwayo, littafin da aka buga kafin a haife ka. Sai uku masu nauyi. A cikin masu nauyin nan akwai biyu da nake so kowa ya sa. Na ɗaya, littafin wanda ba ku yarda da juna a ra'ayi ba, ka karanta shi har ƙarshe da niyyar fahimta, ba da niyyar neman kuskure ba. Za ka fito ko dai da hujjarka ta ƙara ƙarfi, ko ka gane ashe ba abin da ake cewa ya faɗa ba ne ya faɗa. Na biyu, ka je wurin wanda ya girme ka da shekara 20 ko fiye, ka ce ya zaɓa maka littafi ɗaya da ya canja masa tunani. Wannan rukuni yana da wata riba ta daban, domin in ka gama akwai wanda za ka koma ku zauna ku tattauna.

Abu ɗaya game da rubuta rukuni: kada ya yi faɗi har ya zama ba komai, kada kuma ya yi ƙunci har ka rasa littafi. "Littafi mai kyau" ba rukuni ba ne. "Littafin kimiyya da aka rubuta don wanda ba masani ba" rukuni ne.

To ga takardarka. Ja layi biyar daga sama zuwa ƙasa, gida shida ke nan. Na farko wata, na biyu rukuni, na uku sunan littafi, na huɗu madadinsa, na biyar yawan shafuka, na shida ranar da ka gama. Gidan madadin nan kada ka bar shi fanko. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ke kashe ƙalubale ba yawanci lalaci ba ne, makon nan ne da mutum ya gama littafi bai san na gaba ba, ko ya nema bai samu ba, daga mako ɗaya sai ya zama wata. Saboda haka kafin ka rubuta sunan littafi, tabbatar ka san inda za ka same shi, a kantarka, a ɗakin karatu, a hannun aboki ko a intanet. Tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare akwai su kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya kafa a 1971, yau sun haura 70,000. Masu son sauraro kuma akwai LibriVox, inda 'yan sa-kai ke karanta irin waɗannan littattafai da murya tun 2005.

Wajen jerawa, fara da mai daɗi. Watan farko kana bukatar ka ga ka gama wani abu. Kada ka haɗa masu nauyi biyu a jere, taura biyu ba ta taunuwa. Shi kuma katon littafin nan mai shafi 600, kada ka ba shi wata guda. Ka riƙa cin shafi 5 kullum a gefen karatunka na wata, cikin kwana 120 ka gama, wata huɗu ke nan ba tare da ka ji a jikinka ba. Da wannan dabarar na koma kan littafin tarihin da na ba ku labari, na ciro takardar alamar, na faro daga shafin farko.

Akwai tambayoyin da kullum ake yi mini. Littafin sauraro yana cikin lissafi? A wurina yana ciki, sai dai in burinka shi ne ka saba da zama da shafi, to ka ƙayyade, ka ce uku kawai cikin sha biyu. Littafi ɗaya zai iya cike rukuni biyu? A shekarar farko a'a, domin da haka ake wayar gari sha biyu ta koma shida. In littafi ya gundure ni fa? Wannan tambaya ce mai muhimmanci. Wata ma'aikaciyar ɗakin karatu a Amurka, Nancy Pearl, tana da ƙa'idar da na ga amfaninta: in shekarunka 50 ne ko ƙasa, ba littafi shafi 50 kafin ka yanke hukunci. In ka haura 50, cire shekarunka daga 100, abin da ya rage shi ne shafukan da za ka ba shi. Mai shekara 70, shafi 30 ke nan. In ka kai nan bai kama ka ba, ajiye shi ba tare da jin laifi ba, ka ɗauki madadinsa. Littafin ka bari, rukunin yana nan. Sai dai masu nauyin nan uku, su kam a ƙara musu haƙuri, ko shafi 80, don irinsu ba sa buɗe ƙofa da wuri.

Duk littafin da ka gama, juya bayan takardar ka rubuta layi uku: abin da ban sani ba da na sani yanzu, abin da ban yarda da shi ba, da wanda zan ba wa ya karanta. Minti biyar ya isa. Ka yi shi a ranar, kafin abin ya huce.

Sannan ka sa ranar duba jadawali. Wanda ya fara a Janairu, 23 ga Afrilu ta dace, ita ce Ranar Littafi ta Duniya da UNESCO ta ware tun 1995, kuma a lokacin ya kamata kana kan na huɗu. In ka ga kana kan na biyu, kada ka ninka gudu. Koma kan lissafin farko, wataƙila minti 20 ɗin nan ba su samu ba, minti 12 ake samu. Sake ninkawa, ka rage rukunan zuwa takwas ko tara, amma ka rage daga na jin daɗi, ka bar masu nauyin. Wanda kuma yake jin wannan darasi a tsakiyar shekara, ba sai ya jira Janairu ba, shekararsa ta fara daga watan da ya ja layi a takarda.

Aikin gida kafin haɗuwa ta gaba: gwajin minti 10, jerin littattafai goma na ƙarshe, da layuka uku na farko a jadawali, kowanne da madadinsa. A darasi mai zuwa za mu ɗauki rukunin fassara shi kaɗai, mu ga yadda ake zaɓa idan littafi ɗaya yana da fassara biyu ko uku. Sai mun haɗu, a huta lafiya.