Katin Besbol: Kwalin Da Aka Zuba A Teku, Aka Dawo Ana Sayensa Da Miliyoyin Daloli

Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa.

Ku dubi wannan ɗan kwalin da kyau. Bai wuce tafin hannu ba. Hoton wani saurayi ne da hula, ya saɓa sanda a kafaɗa, yana hangen wani abu can gefe, bayansa shuɗi fes. A watan Agustan 2022 aka yi gwanjonsa a Amurka, wani ya ajiye dala miliyan 12.6 ya ɗauka. Babu zinare a jikinsa, babu azurfa, kwali ne da tawada. Lokacin da ya fito a 1952, da senti 5 yaro zai sayi fakitin da yake ciki, har da gyaran cingam.

Saurayin sunansa Mickey Mantle, ɗan wasan besbol na ƙungiyar New York Yankees. Kafin mu je ga dalilin wannan tsada, sai mun ɗan leƙa wasan kansa, don ba lallai kowa ya san shi ba.

Ƙungiya biyu ce, kowacce da mutum tara a fili. Mai jifa ya wurgo ƙwallo da ƙarfin tsiya, mai sanda ya yi ƙoƙarin maka ta, in ya samu sai ya zuba da gudu yana zagaya tashoshi huɗu har ya dawo inda ya tashi. Dawowar nan ita ce ci. Babbar gasarsu tana da ƙungiyoyi 30, guda 29 a Amurka, ɗaya a Toronto ta Kanada, kuma kowacce wasa 162 take bugawa a kaka guda. Kusan kullum ke nan, daga bazara har ƙarshen Satumba. Wasan da ya kai wannan yawa ba ya riƙuwa a ka, dole sai da lissafi. Shi ya sa Amurkawa suka mayar da besbol wasan alƙaluma, kuma a nan kati ya samu wurin zama.

Juya katin ka ga bayansa. Tsawon ɗan wasa, nauyinsa, garin haihuwarsa, sai layi-layi na lambobi. In ka ga an rubuta .300, ana nufin a duk tsayuwa goma yana samun bugu mai kyau sau uku. Ya faɗi sau bakwai ke nan, amma a wannan wasa gwani ne. Yaron da ke wani ƙauye a shekarun 1950, gidansu babu talabijin, a rediyo yake jin sunan gwarzonsa, a kati yake ganin fuskarsa, a bayan kati yake haddace abin da zai yi musu da shi gobe a makaranta.

Asalin abin kuwa ba don yara aka fara shi ba. Masu taba ne. Tun shekarun 1880 kamfanonin sigari ke sa ɗan kwali a cikin fakiti don kada karan taba ya lanƙwashe, sai suka ga ai gara a buga hoto a kai ya zama talla. Tsakanin 1909 da 1911 kamfanin American Tobacco ya fitar da jerin katuna sama da 500, wanda yau ake kira T206. Wannan suna ma yana da labari. Wani ma'aikacin kamfanin kayan lantarki ne a garin Syracuse, Jefferson Burdick, ya ƙarar da rayuwarsa yana jera katuna yana ba su lamba, harafin T na nufin na taba. Daga baya ya kwashe tarinsa kaf ya ba gidan tarihi na Metropolitan da ke New York, ya zauna yana liƙa su a kundi da hannunsa duk da ciwon gaɓoɓin da ke cinsa, ya gama, bai daɗe ba ya rasu a 1963.

A cikin T206 akwai kati ɗaya da ya zama sarki: na Honus Wagner, ɗan wasan Pittsburgh Pirates. An fara buga shi, sai Wagner ya ce a dakata. Wasu sun ce ba ya son yara su sayi sigari don neman hotonsa, wasu sun ce batun kuɗi ne, ba a biya shi yadda yake so ba. Shi kansa dai yana tauna taba, sai ku yi wa zancen hukunci da kanku. Ko ma mene ne dalilin, kaɗan ne suka shiga kasuwa, kuma waɗanda aka sani suna nan yau ba su wuce 50 zuwa 60 ba. Ɗaya daga ciki an sayar da shi dala miliyan 7.25 a 2022. Ku duba ƙirjin rigarsa a hoton, an rubuta Pittsburg babu harafin h a ƙarshe. Ba kuskure ba ne, haka hukuma ke rubuta sunan garin a wancan lokacin.

Daga taba sai abin ya koma hannun masu cingam. Kamfanin Goudey ya yi tashe a 1933 da katunan shahararren ɗan wasa Babe Ruth, amma wanda ya kafa harkar yadda aka san ta shi ne kamfanin Topps na unguwar Brooklyn a New York. Wani ma'aikacinsu, Sy Berger, tare da abokin aikinsa Woody Gelman, a kan teburin kicin suka zana jerin 1952: kati 407, manya, masu launi, da tambarin ƙungiya da kwafin sa hannun ɗan wasa.

To, me yara suka yi da su? Wasa, mana. Su yi musaya, biyu nawa da ɗaya naka. Su wurga su jikin bango, wanda nasa ya fi matsowa ya kwashe duka. Su ɗaure su da roba har gefen ya lotsa. Su maƙala kati a jikin keke yadda zai riƙa taɓa wayoyin taya, yana tafiya yana ƙara kamar babur. Yaro ya girma ya tafi soja ko jami'a, uwa ta zo sharar ɗaki, ta ga kwalin takalmi cike da tarkace, ta kai bola. Har yau dattawan Amurka suna wannan kuka, cewa da mahaifiyata ba ta zubar ba, da yanzu ni wani ne.

Katin Mantle kuwa, lamba 311, har da ƙarin rashin sa'a. Yana cikin kashin ƙarshe na jerin, wanda ya fito a makare, kaka ta zo ƙarshe, hankalin yara ya koma wani wasan. Kaya suka yi kwantai a sito shekara da shekaru. Berger da bakinsa ya ba da labari cewa wajen 1960 ya gaji, ya loda ɗaruruwan kwalaye a jirgin ruwan kwasar shara, aka kai su tekun Atlantika aka juye. Mantle kuma ya ci gaba da zama gwarzo, ya ci kofin duniyarsu har sau bakwai. Masu so suka yi yawa, kati ya yi kaɗan. Wanda aka sayar miliyan 12.6 ɗin nan, mai shi dala dubu 50 ya saye shi a 1991, ya ɓoye shi shekara 31.

Yanzu ku saurari inda abin ya juye, don ni a wurina nan ne daɗin labarin. A shekarun 1980 jaridu suka fara buga irin kuɗin da tsofaffin katuna ke yi. Kotu ta karya kane-kanen da Topps ya yi, kamfanonin Fleer da Donruss suka shigo a 1981, Upper Deck ya biyo baya a 1989 da takarda mai sheƙi da katin matashin ɗan wasa Ken Griffey Jr. a lamba ta ɗaya. Mujallar Beckett tana buga farashi duk wata, yara suna duba ta kamar 'yan canji. Iyaye suka riƙa sayen kwali-kwali, ba a ko buɗewa, a kai ɗaki a kulle, wai kuɗin karatun yara ne nan gaba. Kamfanoni kuwa, da suka ga ana so, sai suka saki injin buga ya yi ta aiki dare da rana. Har cingam ɗin aka cire a farkon shekarun 1990, saboda masu tarawa sun ce yana ɓata musu kati.

Ashe kallon kitse ake wa rogo. Tsohon kati ya yi tsada ne don kowa ya wulaƙanta nasa. Wannan kuwa kowa ya adana, miliyoyi, sababbi fil. Ga yajin aikin 'yan wasa na 1994 da ya sa aka soke wasan ƙarshe na gasar, mutane suka yi fushi da wasan gaba ɗaya. Shagunan kati suka riƙa rufewa. Yawancin katunan wancan zamani, yau ko kyauta ka bayar sai an yi maka alfarma a karɓa.

Sai aka shiga zamanin maki. Ka aika katinka ga kamfanin tantancewa irin PSA ko SGC, su sa shi ƙarƙashin fitila da madubin ƙara girma. Abu huɗu suke dubawa: ko hoton ya zauna daidai a tsakiya, kaifin kusurwoyi, lafiyar gefe, da fuskar katin, ko akwai ƙarzuwa ko tabo. Su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a gidan roba mai tauri da ba ya buɗuwa sai an fasa. Tsakanin 9 da 10, abin da idonka ba zai gani ba, farashi na iya ninkawa sau da yawa.

Amma ku ji wannan. Katin farko da PSA ya taɓa ba maki, a 1991, na Wagner ne, wanda shahararren ɗan wasan hoki Wayne Gretzky da abokinsa Bruce McNall suka saya dala 451,000. An ba shi 8. Shekaru ana raɗe-raɗin cewa gefensa ya cika kyau. Ramin ƙarya ƙurarre ne: a 2013 wani babban dillali, Bill Mastro, ya amsa a gaban kotu cewa shi ya datse gefen don ya yi kama da sabo. Ya sha ɗauri a kan maguɗin gwanjo. Katin kuwa yana nan a gidan robarsa da makinsa.

Kamfanonin yau sun koyi darasi, ba sa jiran teku ko tsintsiyar uwa. Su ke ƙera ƙarancin tun daga masana'anta. A buga kati 99 kacal, ko 5, ko ɗaya tal a duniya, a rubuta lambar a jiki, a ɓoye a cikin dubban fakiti. Mutane su haɗa kuɗi a intanet, wani ya yi ta yage fakiti a gaban kyamara, kowa na jiran rabonsa. Gaskiya ni dai wannan ɓangaren ya fi mini kama da caca, ba da sha'awar wasa ba. Na fi ganin ƙimar mutumin da ke tara 'yan ƙungiyarsa kawai, kati na 'yan senti, duk shekara ya buɗe sabon shafi, ya ga wane ya zo, wane ya tafi, wane ne lambobinsa suka fara sauka alamar tsufa.

Bari mu koma Pittsburgh, garin Wagner. A watan Mayun 2024 wani matashin mai jifa, Paul Skenes, ya buga wa Pirates wasansa na farko da wani ɗan ƙyalle liƙe a hannun rigarsa. Bayan wasa aka cire ƙyallen, Topps, wanda yanzu mallakin kamfanin Fanatics ne, ya sa shi cikin kati guda ɗaya, Skenes ya sa hannu. Ƙungiyar Pirates ta yi shela cewa duk wanda ya tsinta ya kawo mata, za ta ba shi kujera biyu a filin wasa na tsawon shekara 30. Wani yaro ɗan shekara 11 a yankin Los Angeles ne ya ci karo da shi a cikin kwalin da aka ba shi kyautar Kirsimeti. Gidansu suka ce sun gode, ba su karɓi tayin ba. A watan Maris na 2025 aka yi gwanjo, kamfanin kayan wasanni na Dick's Sporting Goods ya saya dala miliyan 1.11, ya ce zai kafa shi a shagonsa na yankin Pittsburgh, a bayan gilashi, kowa ya zo ya kalla.