Daren da Aka Sa wa Wuƙaƙe Albarka: Lacca kan Wasan Les Huguenots

Assalamu alaikum, jama'a, sannunku da haƙurin zama. Wasan da zan ɗauko yau an fara nuna shi a gidan Opera na birnin Faris ranar 29 ga Fabrairu, 1836. Irin wasan kwaikwayon nan ne da ake rerawa tun daga farko har ƙarshe. Giacomo Meyerbeer ya tsara kiɗan, Eugène Scribe da Émile Deschamps suka rubuta baitukan.

Huguenot su ne 'yan Furotesta na Faransa. A watan Agustan 1572 manyansu suka cika Faris don bikin ɗan'uwansu Henri na Navarre da Marguerite, ƙanwar Sarki Charles na 9, 'yar Katolika. Aka ɗaura aure ranar 18. Kafin mako ya zagayo, da asubahin ranar 24, aka kashe jagoransu Coligny, aka shiga bin su gida-gida. Dubbai suka halaka. A kan wannan kisan aka gina labarin wasan.

To, ku ba ni hankalinku a fitowa ta huɗu, don nan zuciyar wasan take. Saint-Bris, wani basarake ɗan Katolika a wasan, ya tara manyan Katolika ana ƙulla makircin kashe Huguenot. Sai ga malaman coci sun shigo, ana miƙa musu wuƙaƙe da takubba suna sa albarka, ana raba fararen ƙyallaye don a gane na gida. Kiɗan yana tashi a hankali har ya cika ɗaki. Wallahi duk wanda ya ji, sai tsigar jikinsa ta tashi.

Amma a cikin taron akwai wani basarake mai suna Nevers. Shi ma ɗan Katolika ne, ya ce sam, gidansu sojoji aka sani, ba masu kisan gilla ba. Ya karya takobinsa a gabansu. Wannan ne ya sa nake girmama wasan: bai yi wa mabiya addini ɗaya kuɗin goro ba. Meyerbeer kansa Bayahude ne, ya san zafin zama ɗan tsiraru.

A fitowar ƙarshe Saint-Bris ya tare wasu mutum uku a titi cikin duhu, ya tambayi su wane ne. Aka amsa, Huguenot. Ya ce a buɗe wuta. Da ya matso, ashe 'yarsa Valentine ce a kwance, ta bi addinin masoyinta Raoul, ɗan Huguenot, a daren nan.

Hukumomin ƙasashen Katolika ba su ji daɗinsa ba. A Munich, a 1838, sai da aka mayar da labarin Ingila, rikicin Angilika da Furitan, ɓangarori biyu na 'yan Furotesta, kafin a bari a nuna shi. A Faris kuwa, zuwa 1906 an nuna shi sau 1,000.