Yadda haske ke tona asirin sinadaran da ke jawo ciwon daji

Masu kallo, sinadarai sama da 350,000 aka yi wa rajista domin sarrafawa da amfani a duniya. Hukumar IARC da ke birnin Lyon na Faransa, wadda aka kafa a 1965 don binciken ciwon daji, abin da ta tantance zuwa yanzu bai wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba. Wannan tazara ta isa ta hana mutum barci.

Ba sakaci ba ne, aikin ne ke da nauyi. Gwajin da aka fi yarda da shi, ɗaruruwan ɓeraye ake bai wa sinadari har shekara 2, kuma yana lashe miliyoyin daloli. Gwajin Ames na shekarun 1970, wanda ake yi da ƙwayoyin bakteriya, kwana biyu zuwa uku yake ɗauka, sai dai sinadarin da ke lalata DNA kawai yake kamawa, sauran su sulale.

To, ina haske ya shigo? Atom-atom ɗin da ke cikin kowane sinadari ba a tsaye suke cik ba, kullum rawa suke yi, kamar tsirkiyar da aka kaɗa, kowace da amonta. Idan aka haska musu infirared, hasken da ido ba ya gani, kowane haɗi da ke tsakanin atom-atom ɗin zai shanye ɓangaren da ya yi daidai da rawarsa. Na'ura sai ta auna abin da ya rage, ta fitar da layi mai tudu da kwari. Idan ƙwayar halitta aka haska, wani tudun na furotin ne, wani na kitse, ga kuma na DNA. Awon hasken nan shi ake kira sifektiroskofi.

Dabarar ta daɗe. A Landan, masu bincike sun lura cewa kwaltar kwal mai sa wa ɓeraye ciwon daji tana da wani irin ƙyalli nata idan aka haska ta. Suka bi sawun ƙyallin nan cikin tan 2 na kwalta, suna tacewa suna aunawa, har a 1933 suka bayyana sinadarin benzo[a]pyrene, wanda ke cikin hayaƙin taba.

Yau kuwa ƙwayoyin halitta ake haskawa. Ana renon su a faranti, a zuba musu sinadarin, a jira mako guda. Da can ƙwararre ne ke leƙa madubin bincike ya ce waɗannan sun rikiɗe sun yi kama da na ciwon daji, waɗannan ba su rikiɗe ba, kuma ƙwararru biyu kan saɓa. Masu bincike a Jami'ar Lancaster ta Ingila sun gwada infirared a wannan gurbi, kwamfuta tana rarrabe layukan. A ganina babbar ribar ke nan: lamba ba ta gajiya, ba ta son kai.

Amma kada mu yi wa na'urar kirarin da ba nata ba. Benzo[a]pyrene kansa ba ya kama DNA sai jiki ya sarrafa shi tukuna, kuma faranti ba shi da hanta ko huhu. Ba zai faɗa muku yawan da zai cutar da mutum cikin shekara 20 ba. Abin da awon haske zai iya shi ne ware sinadaran da ake zargi tun da wuri, a sa su a sahun gaba na dogon gwaji.