Tarin da Muke Ɗora wa Sanyin Ingila

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu maza da mata, malamai, 'yan uwa mazauna Manchesta da kewaye, na gode da kuka ba ni wannan dama.

Da gwaggona zan fara, Allah Ya jiƙanta. Ta fi shekara 40 tana tuƙa tuwo a murhun itace, cikin madafi mai 'yar taga ɗaya, bango ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Ko karan sigari ba ta taɓa riƙewa ba. Da ta zo mana nan ganin jika, kafin ta hau bene zuwa ɗakinta sai ta tsaya sau biyu tana haki, hannu dafe da ƙirji. Muka ce sanyin Ingila ne, ita kuma ta ce tsufa ne. Muka yi ta ɗirka mata zuma da citta. Ranar da aka auna huhunta, likita ya ce ɓarnar ta riga ta yi nisa.

Cutar ita ce likitoci ke kira COPD, wato hanyoyin iska a huhu su tsuke a hankali har numfashi ya zama aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 kaɗai ta kashe mutum miliyan 3.5. Taba ce kan gaba wajen jawo ta, amma a wurinmu akwai hayaƙin itace da gawayi, da ƙurar wajen aiki, da tabon da tarin fuka ke bari a huhu. Samarinmu masu shisha, ku ma da ku nake. Abin da ya lalace ba ya komawa, sai dai idan an gano da wuri ana rage wa cutar gudu, mutum ya ci gaba da takawa masallaci da ƙafarsa.

Ga abin da ya fi damuna. Hukumar lafiya ta Ingila, wato NHS, tana aika takardar gayyatar duba huhu ga masu shekara 55 zuwa 74 da ke shan taba ko suka taɓa sha. Iyayenmu mata da suka girma a gindin murhu ba sa cikin wannan lissafi, takarda ba za ta zo musu ba. Mu za mu kai su. Tarin da ya wuce mako 3, kaki kowace safiya, ko haki daga ɗan tattaki, a je wurin likitan unguwa. A gaya masa ƙarara cewa Hajiya ta yi shekaru tana girki da itace, don ba lallai ya yi tunanin tambaya ba. A nemi gwajin hura iska: bututu ne za ta sa a baki ta hura da ƙarfi, babu allura, babu ko sisi.

Wadda Turanci ke ba ta wahala, ni da kaina zan raka ta, ku same ni bayan sallar La'asar. In kun kira gida a daren nan kuma, ku saurari numfashin Inna tsakanin gaisuwa.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Wassalamu alaikum.