Idon da Ke Gadin Makamai Daga Sama

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, na gode da kuka zauna har zuwa wannan lokaci.

Makami mai linzami da aka harba daga Rasha zuwa Amurka kusan minti 30 yake yi a hanya. Ku riƙe wannan adadi, domin duk zancenmu na yau a cikinsa yake. Na'urar rada da ke ƙasa ba ta hango makamin sai ya ɗago sosai, a lokacin kuwa mintuna da yawa sun riga sun tafi. Shi ya sa aka kai ido sama.

A Nuwamban 1970 Amurka ta harba tauraron ɗan'adam na farko a shirinta na hango tashin makamai daga sama, mai suna DSP. Taurarin wannan shiri suna zama a nisan kilomita kusan 36,000, suna zagayawa daidai da juyin duniya. Abin da suke farauta shi ne zafi, wato wutar da ke fita daga gindin roka lokacin tashi. Su ne suka riƙa hango makaman Scud na Iraƙi a yaƙin 1991, har a samu damar kaɗa jiniya a Saudiyya da Isra'ila. Magajinsu, sabon shirin taurari mai suna SBIRS, shi ya ba da gargaɗi lokacin da Iran ta kai hari sansanin Ainul Asad da ke Iraƙi, inda sojojin Amurka suke, a Janairun 2020.

To amma jama'a, ido yana ruɗuwa. Wannan shi ne abin da ya fi damuna.

Daren 26 ga Satumba 1983, Laftanar Kanar Stanislav Petrov na sojojin Tarayyar Sobiyet yana bakin aiki a Serpukhov-15, cibiyar sa ido kan taurarin gargaɗi da ke kusa da Mosko. Taurarin Tarayyar Sobiyet masu suna Oko suka nuna Amurka ta harbo makami guda, sannan wasu huɗu. Ku tuna, a farkon wannan watan Sobiyet ta harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu, zukata a tafashe suke. Petrov ya yi tunani: wanda zai fara yaƙin nukiliya, da makami biyar kacal zai fara? Ga shi rada ba ta ga komai ba. Sai ya ɗaga waya ya ce wa manyansa na'ura ce ta yi kuskure, alhali shi kansa bai da tabbas.

Da aka bincika, ashe hasken rana ne ya bugi gajimare mai nisa, tauraron ya ɗauka wutar roka ce. Ba a ba shi lada a lokacin ba, duniya ma ba ta ji labarin ba sai bayan rushewar Sobiyet. Ya rasu a 2017.