Amsoshin tambayoyinku: bidiyo ya ƙi buɗewa, wai sai na saukar da kodek

Masu saurare barkanmu da warhaka, yau saƙonnin kusan duk kan bidiyo ne, to bismillah.

Wani ɗan'uwa daga Garin Malam nan cikin Damagaram ya rubuto yace an kawo masa bidiyon bikin ƙanwarsa a kle USB, ya sa a kwamfuta murya na fita amma hoto baƙi ƙirin, da ya shiga intanet sai wani shafi yace masa wai sai ya saukar da kodek tukuna. Ya saukar ko kar ya saukar?

Malam don Allah kar ka taɓa shi. Bidiyon ƙanwarka lafiyarsa ƙalau. Ka ga MP4 ko MKV ko AVI ɗin nan da ke ƙarshen suna, buhu ne kawai, abin da ke cikin buhun shi ne yadda aka matse hoton, wato kodek ɗin kenan, wani H.264 wani H.265, to wayoyi da kamarori na yanzu da yawa da H.265 suke ɗauka shi kuwa Windows Media Player na tsohuwar kwamfuta bai san shi ba, shi yasa ya baka murya ya hana ka hoto. Abin da zaka sa VLC ne, manhajar kallon bidiyo mai alamar mazubin nan ruwan lemo da fari da ake jerawa kan titi. Ɗalibai ne suka fara shi a wata makarantar injiniyoyi ta Paris a 1996, a 2001 aka sake shi kyauta ga kowa, kuma kodek ɗinsa duk suna cikinsa baya aikenka neman komai a waje, har 3GP na tsofaffin wayoyinmu yana karantawa. Amma fa inda zaka ɗauko shi nan maganar take. Ka rubuta videolan.org da hannunka, kar ka bi manyan maɓallan nan kore masu cewa danna nan, kuma duk wanda ya nemi kuɗi ko lambar wayarka kan VLC ba su bane. Abin da yasa nake ta jan kunne, irin kodek ɗin ƙaryar nan manhajar leƙen asiri ce ake cusa maka, tana zaune shiru tana kwashe abin da ka rubuta, lambar sirrinka ta Facebook, ta imel, kai kana can kana kallon biki. Wallahi abin na ci mini rai in na ga mutum an sace masa shafi ana roƙon kuɗi da sunansa wajen danginsa.

Sai wata baiwar Allah daga Mirriya, tace ta kai kle wajen masu tura finafinai a kasuwa, ta dawo gida duk dosiyoyinta sun koma da ƴar kibiya a jiki.

Hajiya wannan birus ne mai bin kle, kar ki danna ko ɗaya. Yawanci kayanki ɓoye su yayi bai goge ba, kar ki yarda a miki forma, wato a share kle ɗin gaba ɗaya, da gaggawa. Ki danna maɓallin dama na maus kan kle ɗin ki sa Windows Defender, mai kama birus, ya bincika, yana cikin Windows 10 da 11 ba sai an saya ba. Sannan ki sa a buɗe miki ƙarshen sunayen fayil don Windows ɓoye su yake, sai kiga abu sunansa fim.mp4 alhali fim.mp4.exe ne. Fim baya ƙarewa da exe, manhaja ce ke ƙarewa da shi, kuma fim ɗin awa biyu ba zai zama mega 2 ba. In Windows 7 ce gareki, tun Janairun 2020 Microsoft ta daina gyara ta, ki kai wa mai gyara kwamfutar ya duba ko zata ɗauki sabuwar Windows.

Wani ɗalibi daga Magarya yace shafin da yake kallon ƙwallo kullum sai yace ya sabunta Flash Player, tsohuwar manhajar kunna bidiyo a shafukan intanet. Ƙanena kamfanin Adobe mai shi ya rufe Flash tun ƙarshen 2020, babu wani sabuntawa, rufe shafin ka nemi wani.